Ranar da Kan-Kwana Ya Taya Lambu a Bango

Yayana dillalin filaye ne. In ka shigo unguwarmu kana tambayar sunansa na yanka, sai dai a yi ta kallon-kallo, amma kana cewa Kan-Kwana, ko mai facin taya zai nuna maka ofishinsa da baki. Ofishin ma wane ofis? Ɗan tsukukun shago ne tsakanin kemis da mai gyaran waya, da benci, da fanka mai kuka kamar an taka mata wutsiya, da wata taswira a bango da rana ta cinye har ba a gane gabas balle yamma. Sunan kuwa ya same shi ne saboda tunda yake bai taɓa sayar da filin da ba a kan kwana yake ba. Ko a tsakiyar daji filin yake, ba titi ba dalilinsa, sai ya dafa ƙirji ya ce, “Kan kwana ne, ranka ya daɗe. Titin ne kawai bai ƙaraso ba.”

Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya. Ungozoma ce ni har na ajiye aiki, kuma wadda ta ga yadda mutane ke shigowa duniya ba ta cika jin nauyin kowa ba. Saboda haka zan faɗi yadda Yaya yake, ba tare da na shafa masa mai ba.

Allah ya yi shi da wani irin ido da ba ya ganin ƙasa sai ya yanka ta. Tun muna yara, in aka shimfiɗa mana tabarma, sai ya ja layi da gawayi ya ce nan nawa, can naki, kuma kullum nasa ne wajen ƙofa inda iska ke shigowa. Da ya girma abin ya sauka har ƙafarsa. Yaya ba ya tafiya irin ta mutane, taku yake yi dogo-dogo, leɓensa na motsi. Lokacin da aka yi mini aiki a ciki ya zo dubiya asibiti, ko sannu bai gama ba ya leƙa taga ya girgiza kai. Na ɗauka tausayina ne ya kama shi. Ashe wurin ajiye motoci ya hango. Ya ce, “Dubi asara! Shaguna nawa ke nan aka bari kwance a banza.”

Yana da wata dabara da duk dillalan garin suka kwaikwaya daga baya. Duk filin da ya shigo hannunsa, sai ya jera bulo a gabansa, ya ɗauko jan fenti ya rubuta ɓaro-ɓaro: WANNAN FILI BA NA SAYARWA BA NE. Baƙo zai ɗauka gargaɗi ne. Ina! Talla ce. Ƙananan dillalai masu shisshigi su ja baya, mai saye kuma yawunsa ya tsinke, don ɗan'adam ba abin da yake so kamar abin da aka ce ba za a ba shi ba. Shi ya sa Yaya ba ya taɓa sayen fentin kirki. Garin ja yake kwaɓawa da ruwa, wanda jiƙaƙƙen tsumma ko ɗan yayyafi ke wankewa, tunda ya san rubutun ba daɗewa zai yi ba. Wani lokacin kuma, in kasuwa ta yi zafi, fili ɗaya kan wayi gari da masu saye biyu. Yaya ba ya kiran wannan ha'inci, “kuskuren takarda” yake cewa. Sai ya zaunar da su a kan bencin nan, ya sa a kawo musu lemo mai sanyi, ya lallashi mai haƙurin cikinsu da wani filin daban. Kan kwana, ba sai na faɗa ba.

Ikon Allah, irin wannan mutum aka haɗa da matar da ba ta iya ganin ƙasa ba ta dasa wani abu ba. Mai Lambu muke ce mata, Allah ya jiƙanta. Akwai wata gonar mahaifinmu a bayan gari, gefen rafi, da ta faɗo a rabon Yaya a lokacin da ko kyauta ba mai so. Ita ta mai da ita lambu da hannunta: gwaiba, mangwaro, lemun tsami, fangalin alayyafo da na tumatir, da 'yar magudanar ruwa da ta haƙo daga rafin. Yaya ba ya shiga. In ya zo ɗaukarta da yamma, daga bakin hanya yake tsayawa a kan babur yana danna hon, yana auna yadda gari ke matsowa.

A wannan lambu autarsu ta girma. Ni na karɓi haihuwarta, kuma Auta muke kiranta har yau. Yayyenta maza duk sun watse neman na kansu, ita ce kullum maƙale da uwarta, tana zaune a gindin gwaiba tana zane a ƙasa da tsinke. Yaya kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, ni kuma in ce alhamdulillahi. Da ta ce zane za ta karanta a jami'a, uwar ce ta tsaya mata. Shi amfani ɗaya ya hango a ciki. Ya ce, “To madalla. Dama rubutuna kamar kaza ta yi tono. Kya riƙa rubuta mini ‘ba na sayarwa ba ne’ da hannu mai kyau.” Yarinya ta wuni tana kuka, shi kuma ya yi ta tambayata wai me ya faɗa.

Mai Lambu ta rasu Auta na shekarar ƙarshe a makaranta. Kafin yarinya ta dawo hutu, Yaya ya shiga lambun karo na farko a rayuwarsa, da igiyar awo. Wani ɗan kwangila ya kwashe kusan duka, ya sare itatuwa, ya ɗora gida mai hawa, ya malale tsakar gidan da siminti yadda ko ciyawa ba ta isa ta leƙo ba. Abin da ya rage wani ɗan siririn yanki ne a bakin rafi mai bishiyar lemun tsami ɗaya, shi ma don ruwa na cin sa da damina ne ba wanda ya taya.

Auta ba ta yi masa rashin kunya ba, ba haka uwarta ta raine ta ba. Kayanta kawai ta kwashe ta dawo gidana. Shekaru ke nan ba ta taka ƙofar gidan ubanta ba. Tana kiransa a waya: “Baba ina kwana, an tashi lafiya, to sai an jima.” Gaisuwar da ko mai kwasar shara ya fi samun mai ɗumi. Shi kuma ba zai ce ya yi kuskure ba, don a ganinsa bai yi ba, ai ya sayar da daraja. Amma ni na san abin na cin sa. Yakan biyo ta gidana lokacin da ya tabbata ba ta nan, ya zauna yana juya hula a hannu, can ya ce, “Wannan 'yar taki, tana dai cin abinci ko?” In ce, “Je ka tambaye ta, ai ba haya ka ba ni ita ba.” Ya tsufa, gidan ya yi masa girma, daga shi sai rediyo. Tsorona ɗaya ne, kada ɗayansu ya mutu a haka.

Sai abu biyu suka haɗu. Na ji a bakin mai kemis cewa wani mai wankin mota ya taya ɗan yankin nan na bakin rafi, har magana ta kusa faɗawa. Na san in lemun nan ya faɗi, ko gaisuwar wayar ma ta ƙare. A daidai lokacin kuma aka shirya baje kolin zane-zanen tsaunuka da koguna da gonaki a wani babban zaure a cikin gari, aka ɗauki aikin Auta guda ɗaya. Na ga zanen kafin a tafi da shi. Lambun ne. Na tsaya a ƙofar ɗakinta da tsintsiya a hannu na yi kuka har da majina. Nan take na ce shi ke nan, ga maganin Yaya: ya gan shi, zuciyarsa ta karye, su shirya, ni kuma in huta.

Da na ce ya zo kallon zane, dariya ya yi har da tari. Ya ce, “Ga ƙasa a waje Allah ya shimfiɗa kyauta, sai in shiga ɗaki in kalli hotonta?” Sai na ce masa manyan masu hannu da shuni za su hallara. Kafin in rufe baki ya aika a goge masa rigarsa ta fita kunya, ya cika aljihu da katin ofis.

Zauren fari fat, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, mutane na magana ƙasa-ƙasa kamar an zo ta'aziyya. Ana zagayawa da lemo a wasu 'yan kofuna irin na auna maganin tari. Wata mata mai baƙin tabarau ta bi zanen ɗaya bayan ɗaya tana juya musu baya tana ɗaukar kanta hoto, har ta fita ban ga ta kalli ko guda ba. Akwai kuma wani farfesa da ya naɗe wuya da gyale, yana tafe da 'yan rakiya. Inda ya tsaya nan za su tsaya, in ya ce “hmm” su ma su ce “hmm”.

Zanen farko wani tsauni ne shi kaɗai, hadari ya taso a bayansa. Farfesa ya ja da baya, ya karkace kai, ya ce, “Wannan kaɗaicin ɗan'adam ne a gaban zamani.” 'Yan rakiya suka ce hmm. Ni dai tsauni na gani, kuma ya yi kyau, har na ji kamar ƙamshin ruwan da ke shirin sauka.

Yaya ya matso har hancinsa ya kusa taɓa zanen. Bai iya magana a hankali ba, a tsakiyar fili ya koyi magana. Ya ce, “Wannan ko kyauta aka ba ka an cuce ka. Dutse ne zalla. Kafin ka fasa ka sa harsashin gini ka tsiyace. Ga shi ba hanyar mota.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Farfesa ya juyo ya dube shi sama da ƙasa, ya ga riga ta sha guga, ya ga furfura, sai ya gyaɗa kai a hankali ya ce, “Ba hanyar mota. Lallai. Babu mafita ke nan. Dattijo ya shiga zurfin abin.” 'Yan rakiya suka ce hmm, suka koma bayan Yaya.

Tirƙashi! Ka ba dillali jama'a ka ga aiki. Ya shiga gaba da takun nan nasa, suna biye kamar 'yan tsaki. A gaban wani zanen faɗuwar rana a bakin kogi, wanda ni ya tuna mini da ƙuruciya, ya ɗaga yatsa ya ce, “Fadama ce. Kar kyan nan ya ruɗe ku, da rani aka zana. Damina ɗaya za ka ga katifarka na iyo.” Aka zo kan wani da launuka suka cakuɗe, kore ya shiga ruwan ƙasa, ba a gane inda gona ta tsaya sama ta fara. Yaya ya ja baya da sauri. “A'a, ba ruwana! Ba iyaka ba turke. Wannan filin gado ne, kuma magadan ba su shirya ba. Duk wanda ya saya, shari'a ya saya.” Wani ɗan jarida ya ciro waya yana naɗar maganar. Mai zanen, wani dogo mai tarin suma, ya kama hannun Yaya da hannu biyu ya ce tunda yake ba a taɓa fahimtarsa irin yau ba. Yaya ya zura masa kati a aljihu.

Ni kuwa idona na kan bangon ƙarshe.

Zanen Auta shi kaɗai ne a bangon, babba. Daga ƙasa ta ɗauko shi, daga inda yaro ke zama a gindin gwaiba, har ganyen na leƙowa ta sama. Ga fangalin alayyafo a jere, ga 'yar magudanar tana sheƙi, ga ranar la'asar ta yi sanyi ta kwanta a kan komai. Babu mutum a ciki. Sai bokitin ban ruwa a gefe, da silifas a gindin lemun tsami, ɗaya ya ɗan juya, kamar mai su yanzu ta cire ta shiga ruwa. Har farfesa ya manta da “hmm” ɗinsa, Allah ya saka masa.

Auta na tsaye a gefe ta harɗe hannu. Ba ta san ubanta zai zo ba. Da ta gan shi ta dube ni, irin duban nan na “Gwaggo, ma haɗu a gida.”

Yaya ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na ce a raina alhamdulillahi, magani ya kama.

Sai ya tafa hannu. “Yawwa! Yanzu aka zo wurin! Jama'a, wannan shi ne fili!”

Na mintsine shi a dantse. Ko a jikinsa.

“Ku duba ku gani, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ba tudu ba kwari. Ga ruwa kusa, mai gini ba zai sayi tanka ba. Itatuwan nan ba matsala, wuni ɗaya mai inji ya gama da su.” Ya zaro biro ya ɗaga a iska yana ja wa zanen layi. “Titi ya bi ta nan, kwata ta nan. Manyan fuloti a gaba, ƙanana a baya. Wannan na wajen lemun kuwa, kan kwana ne!”

Na ce, “Yaya, don girman Allah yi shiru.”

“Ke bari, ba ki san harka ba. Wa ya zana wannan? A ina wurin yake? Mai shi na sayarwa? A haɗa ni da shi yau-yau.”

Auta ta tako a hankali har ta tsaya kusa da shi.

“Ni na zana, Baba. Ka riga ka sayar da shi.”

Biron na nan a sama, ya manta bai sauke ba. Ya dubi 'yarsa, ya sake duban bango. Wallahi bai gane ba sai a lokacin, kuma ta ina zai gane? Shekara da shekaru daga bakin hanya yake ganin wurin, ranar da ya shiga kuma idonsa na kan igiyar awo. Na ga idon na yawo a kan zanen har ya sauka a kan silifas ɗin. Na hagun an ɗaure maɗaurinsa da waya. Duk dangi mun san wannan waya. Kullum Mai Lambu ta ce takalminta ya tsinke, sai ya ce ta bari ciniki ya faɗa. Ciniki ya yi ta faɗawa, takalmi bai zo ba.

Ya lalubi wani kututture da ke tsakiyar zauren ya zauna. Mai gadi ya rugo yana cewa, “Baba tashi, tashi, wannan ma aikin wani ne!” Ya miƙe zumbur yana kakkaɓe riga.

Da a nan ya tsaya ya ce, “Auta, na yi kuskure,” da an gama. Amma hali zanen dutse. Yaya hanya ɗaya ya sani ta son abu, ita ce ya taya. Ya yafito shugabar zauren, wata siririyar mata mai takalmi ƙwas-ƙwas, ya ce, “Ranki ya daɗe, zan saya. Faɗi.”

Ta nuna masa wani ɗan jan ɗigo da aka manna a bango, ƙasan zanen. “Yi haƙuri Baba, ka ga alamar. Wannan ba na sayarwa ba ne kuma.”

Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta 'yan kasuwa, ya rage murya karo na farko a ranar. “Haba ranki ya daɗe, kifi na ganinka mai jar koma. Ni ma da ja nake rubuta nawa. Na gane, an buɗe ciniki ke nan. Nawa aka taya? Na ƙara.” Ya sa farce ya fara kankare ɗigon.

Matar ta kusa suma. Ta riƙe masa hannun riga ta ce su a wurinsu in an manna ja magana ta ƙare, an saya tun da safe, ko ita ba ta isa ta cire ba. Sai da ta yi ta maimaita masa, don shi a duniyarsa bai taɓa ganin jan da ya tsaya a kan maganarsa ba.

Ya ja Auta gefe, ni ma na bi su, ba a barina a baya. Ya ce, “Saurara 'yar nan, abu ne mai sauƙi. Ki ce kuskuren takarda ne. Ki ba ni wannan, shi ki zana masa wani irinsa, ki ƙara masa mangwaro, ba zai gane ba.”

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba. “Baba, ni ba na sayar da abu ɗaya sau biyu. Ko da ina yi ma, ba zai sake zanuwa ba. Iyakar abin da na tuna ke nan, na juye shi duka a nan.”

Ana cikin haka sai ga wata murya kamar ganga: “A'a, Kan-Kwana! Kai ma ka waye?” Ɗan kwangilar nan ne da ya sayi lambun, da tumbinsa da makullin mota a yatsa. Ya daki kafaɗar Yaya ya nuna zanen. “Ka ga abin da na saya? Uwargida ce ta dame ni, wai falon ya bushe, ko'ina siminti, ba ɗan kore da ido zai huta. Kai dubi wuri don Allah! Irin wannan ai babu shi a garin nan yanzu, mutane sun lalata komai.”

Auta ba ta san shi ne ya saya ba, zauren ne ke yin ciniki. Ni kuwa dariya ce ta taso mini tare da kuka, na rasa wadda zan fara, na toshe baki da gefen mayafi.

A hanyar komawa, cikin tasi, muka wuce wani makeken fili da ba a gine ba, kan kwana na gaske. Na saci kallon Yaya. Idonsa na kan gwiwarsa. A gida kuma Auta ta ce mini, “Gwaggo, kin ga abin da kika jawo ko?” Na ce na gani, ai ni ma ina wurin. Washegari jarida ta buga hotonsa da biro a sama, aka kira shi fitaccen mai sharhin zane. Mai kemis ya yanke ya manna masa a ƙofar ofis, Yaya ya yage da hannunsa.

Bayan an rufe baje kolin sai ya tsiri kai wa ɗan kwangila ziyara. Yau ya je da labarin wani fili, gobe ya je wai ya manta hularsa. A zaunar da shi a falo, ya zaɓi kujerar da ke fuskantar zanen, lemo ya yi ɗumi a gabansa bai taɓa ba. Matar gidan ta gaya wa wata, wata ta gaya mini, cewa wata rana ya tashi ya taka falon daga bango zuwa bango, ya tsaya kusa da talabijin ya ce mata, “Daidai nan gwaibar take.” Ta ɗauka ruɗin tsufa ne. Ba a daɗe ba mai gadin gidan ya fara cewa maigida ba ya nan, alhali ga motarsa a tsakar gida.

Mai wankin mota kuma ya zo a ƙarasa magana. Yaya ya ce ya fasa, wurin ba na sayarwa ba ne. Mutumin ya yi dariya ya ƙara tayi. Yaya ya rantse, ya sake ƙarawa. Ya turo abokan Yaya dillalai su ji abin da yake so a gaskiya, su ma suka zo suna ƙifta masa ido suna cewa, “Kan-Kwana ba ka tsufa! Sabon salo ne wannan?” Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa gari cewa a'arsa ciniki ce, ranar da ya faɗi ta gaskiya ya rasa mai yarda ko ɗaya. Na tausaya masa ƙwarai, amma ban fasa cewa Allah ya ƙara ba.

Auta na jin duk wannan a bakina. Da na matsa mata ta ce, “Gwaggo, jira yake wurin ya ƙara daraja. Kin fi ni saninsa.” Ni ma rabin zuciyata haka take cewa.

Wata rana da yamma mai kemis ya kira ni ya ce in je in ga yayana, an gan shi a bakin rafi da gwangwani, shi kaɗai. Na ce wa Auta, “Tashi ki raka ni. In ubanki ya taɓu, gara mu riga 'yan unguwa gani.” Ta ɗauki mayafi.

Muka same shi ya jera bulo a gaban lemun tsamin, a bayan doguwar katangar ɗan kwangila. Ya tattare hannun riga, ya durƙusa da ƙyar, yana rubutu da ja. Ya kai WANNAN FILI BA, layin ya gangara kamar zai faɗa rafi, wurin kuma ya kusa ƙare masa. A gefe ga bokiti, ya yi wa lemun ban ruwa har ya wuce kima, ƙasa ta caɓe.

Auta ta tsaya daga nesa. “An fara talla ke nan, Baba?”

Bai juyo ba. Ya ci gaba da rubutunsa.

Ta matso don ta ga ƙarshen abin, sai ta tsaya cak. Hancin mai zane gare ta. Ta sunkuya ta ɗauki gwangwanin, ta shinshina, ta juya shi ta duba jikinsa.

“Baba, wannan fa fentin mai ne. An cuce ka a shago. Ba ya fita ko da soso, ko damina nawa za a yi.”

“Ba a cuce ni ba,” in ji shi, idonsa na kan bulo. “Shi na ce a ba ni.”

Ni dai na ja baya na ba su wuri, abin da ban saba ba.

Can sai Auta ta ajiye jakarta a kan bulo, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta miƙa hannu. “Kawo buroshin. Ka karkatar da layin, kuma ka cinye wurin. Riƙe mini gwangwanin, kar ka zubar.”

Ya riƙe da hannu biyu. Ta gyara nasa, ta shiga ƙarasa sauran, harafi bayan harafi, irin rubutun da ya taɓa nema ta hana shi. Da ta kusa gamawa, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, “Gwaggo, ki wuce kawai, kar ki jira ni da abinci. A gidan Baba zan ci.”

Gidan da na san ko gishiri babu! Na ce to, na juya da sauri kafin su ga fuskata, na tafi in ɗora tukunya in kai musu.